Yadda Ake Tayar da Tsohuwar Motar Shiga Daji Alhali Kana Zuwa Aiki Kullum

Tun ranar da tsohuwar motata ta koma kan titi, bayan ta shafe shekaru a jibge, ake ta yi mini tambaya iri ɗaya: ta ina aka fara, me ya biyo baya, kuma ina mai aikin safe zuwa yamma ya samu lokaci? Na gaji da amsa guntu-guntu, shi ya sa na jero matakan bi da bi. Ni ba bakanike ba ne, ma'aikaci ne mai dare biyu a mako da wunin Asabar. Abin da ya fi ba ni wuya kafin in gane shi ne, sanin abin da za a fara taɓawa ya fi ƙwarewar hannu amfani. Motocin da na ga an fara an watsar, galibinsu ba rashin kuɗi ya kashe su ba. Mai su ne ya kwance komai a makon farko, ya wayi gari da tulin ƙarafan da bai san mazauninsu ba.

1. Lissafa lokaci, wuri da aljihu

Ɗauki takarda ka rubuta awannin da kake da su da gaske, ba waɗanda kake fata ba. A ce awa 2 ranar Talata, 2 ranar Alhamis, 5 ranar Asabar. Awa 9 ke nan a mako. Cire makonnin tafiya, rashin lafiya da hidimar iyali, ka bar 40 a shekara, ka ga awa 360. Motar da ke tashi tana tafiya, gyara kawai take nema, za ta iya shiga cikin wannan. Wadda sai an ɗaga bodi daga kan shasi kuwa, wato ƙarafan ƙasa da ke ɗauke da motar, ka sa shekara biyu zuwa uku a ranka tun yanzu. Ka kuma faɗa wa mutanen gida ranakun, ka tsaya a kansu. Motar da ta cinye kowane dare, gidan ne zai fara tsanarta kafin kai.

Wurin aiki yana son daɓe mai ƙarfi wanda ya daidaita, da rufi, da haske, da ƙofa mai makulli. Motar da aka kwance tana cin wurin mota biyu har da ɗoriya, domin ƙofofi, kujeru da gilasai duk sai sun samu inda za a jingine su.

Batun kuɗi, kuɗin sayen motar shi ne ƙaramin kaso. Manyan masu ci su ne walda da ƙarfe, tayu biyar, kayan birki, robobi, fenti, da kuɗin kawo kayan gyara idan daga nesa za su zo. Duk abin da ka ƙiyasta, ka ware kashi ɗaya bisa uku a gefe saboda abin da zai ɓullo bayan an buɗe. Kada ka sayi kayan mataki na tara kana kan na huɗu. Roba tana bushewa a ajiye, kuma abin da ka saya bisa kuskure, kafin ka gane, lokacin mayarwa ya wuce.

2. Zaɓen mota da duba ta kafin ka biya

Ka zaɓi ƙirar da aka ƙera da yawa, wadda kayan gyaranta ba sa wuyar samu. Land Rover Series IIA da aka fara a 1961 da Series III ta 1971 zuwa 1985, Toyota Land Cruiser 40 ta 1960 zuwa 1984 da ƙannenta 60 da 70, Nissan Patrol Y60, Jeep CJ-5 da CJ-7, Suzuki SJ410 da SJ413, duk suna cikin wannan sahu. Mai ƙaramin wuri da ƙaramin aljihu, Suzuki ta fi masa sauƙi, don kusan komai nata mutum ɗaya na iya ɗagawa.

Kowace da inda take ruɓewa. Jikin Land Rover na alminiyam ne, ba ya tsatsa, shi ya sa take yaudarar mai saye. Kyan ɗan maciji ne: shasinta ƙarfe ne, haka bangon da ya raba inji da wurin zama. Ka duba ƙarfen da ya gitta shasin a can baya, da hannuwan da suka fito gefe suna ɗauke da bodi, da wurin ajiye ƙafa, da ginshiƙan da ƙofofi ke rataye a jiki. Land Cruiser 40 kuma jikinta ne ke cinyewa: daɓen ciki, ƙasan ƙofofi, kusurwoyin baya da gindin ƙofar baya.

Ka je da rana, da tocila, ƙaramar guduma, dogon sukundireba da maganaɗisu. Kwanta a ƙasa ka bi shasin daga gaba zuwa baya kana ƙwanƙwasawa. Lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da ƙara mai kaifi, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji dum, kamar ka bugi kwali. Motar farko da na je gani, an shafe shasinta da baƙin fenti mai kauri, yana ta sheƙi. Na ɗora bakin sukundireba kusa da inda sifirin baya ke kamawa, na ɗan danna, sai ga shi ya shige har mariƙi, jar ƙasa da ɓarɓashin tsatsa suka zubo mini a fuska. Mai motar ya ce ai ɗan wuri ne. Na karkaɗe rigata na yi masa sallama. Maganaɗisun kuma na bodin ƙarfe ne: inda ya ƙi kamawa, an cike rami da foti an bi da fenti.

Hattara: kafin maganar farashi, gwada lambar da ke jikin shasi da wadda ke cikin takardu, harafi da harafi. Motocin da aka ƙera daga 1981 galibi lambarsu haruffa da alƙaluma 17 ce, na kafin nan sun fi gajarta. Idan an goge lambar, ko an yi walda a kewayenta, ko takardu "suna zuwa", ka haƙura. Babu baƙin cikin da ya kai ka gama aikin shekara biyu a ce motar ba ta rajistuwa.

Tsakanin mota mai mataccen inji da lafiyayyen shasi, da mai inji kamar agogo amma shasi ya ruɓe, ɗauki ta farkon.

3. Kayan aiki

Na dole tun ranar farko: jak mai ƙarfin da ya wuce nauyin motar, ƙafafun ƙarfe huɗu na tokare mota, saitin sifana da soket, dogon mariƙi na karya noti mai taurin kai, sifana mai auna ƙarfin ɗauri, filaya, guduma, burushin waya, injin gurza ƙarfe, bindigar giris, mitar gwada wuta, man sassauta tsatsa, tabarau da abin toshe hanci, da tukunyar kashe gobara. Sai littafin gyara na ainihin ƙirar motarka da shekararta, wanda shi ne zai ba ka ƙarfin ɗaurin kowane noti da irin man kowane wuri.

Ka san ma'aunin notin motarka kafin ka sayi sifana. Na Japan na milimita ne, 10, 12, 14, 17 da 19 su za ka fi ɗauka. Tsohuwar Jeep ta inci ce. Tsohuwar Land Rover kuwa gauraye take, yawanci inci, da wasu na tsohon ma'aunin Whitworth a jikin giya da aksul. Sifanar da ta kusa daidai ita ke murje kan noti.

Abin ɗaga inji, da na'urar gwada matsin silinda, aro ko haya ya ishe ka. Sifana mai auna ɗauri da ƙafafun tokari kuwa, kada ka nemi araha a kansu.

Hattara: ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, ko na minti ɗaya ne. Bulo ma ba abin dogaro ba ne, yana fashewa ba gargaɗi. Tokare ta a kan shasi ko aksul, sa waigi a tayun da ke ƙasa, girgiza ta da ƙarfi, sannan ka shiga.

4. Wanke, ɗauki hoto, buɗe littafi

Makonni biyun farko ba na kwance komai ba ne. Wanke motar sama da ƙasa, ka fitar da taɓon da ya daskare cikin shasi, domin sai ƙarfe ya fito fili za ka ga tsaga da wurin yoyo. Daga nan ka bi ta da waya kana ɗaukar hoto: kowace waya da inda ta shiga, kowane tiyo, kowane sifirin birki. Buɗe littafi ka raba ayyukan gida uku: abin da zai iya kashe mutum, abin da zai tsayar da mota a hanya, da abin da ido kawai yake damu. Da wannan jerin za ka bi.

Dokar da ta cece ni ita ce, ɓangare ɗaya a lokaci ɗaya. A kwance shi, a gyara, a mayar, kafin a taɓa na gaba. Duk notin da ya fita ya shiga leda, a rubuta sunan wurinsa. Ni na taɓa zuba na ƙofofi da na madigadi da na kujeru a gwangwani ɗaya, ina cewa ai zan gane su. Bayan wata bakwai na zazzage su a kan tabarma, na kwashe Asabar biyu ina gwada su ɗaya bayan ɗaya kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa.

Ga dabarar mai aiki: daren tsakiyar mako na ƙananan ayyuka ne, wanke kaya, goge tsatsa, fesa man sassautawa a notin da za a kwance ranar Asabar, yin odar kaya. Kafin ka kashe fitila, rubuta aikin da za ka fara da shi in ka dawo, ka manna a sitiyari. In ba haka ba, rabin awa zai tafi kana tsaye kana tunanin inda ka tsaya.

5. Gwada injin, amma ba da gaggawa ba

Ana gwada inji da wuri don a san abin da ke gaba, ba don a fara gyaransa ba. Kada ka sa sabon batir ka murɗa makulli kai tsaye. Bi wannan jerin.

Zuƙe tsohon man da ke tanki. Fetur da ya daɗe yana zama kamar ƙaro ya toshe kafireto, dizal kuma yana tara ruwa da dauɗa. Juye baƙin mai ka duba shi: in ya yi fari-fari kamar an zuba madara, ruwa na shiga, gasket ɗin kan silinda ne ko tsaga. Sa sabon mai da sabuwar matata. Cire fulogai, ɗiga ɗan mai a kowace silinda, bar shi ya kwana biyu, sannan ka sa soket a babban notin gaban inji ka juya da hannu. In ya zagaya sau biyu ba cijewa, madalla. In ya ƙi, kada ka tilasta masa da dogon ƙarfe, ƙara mai ka ba shi mako.

Da ya juya, murza shi da kik ba tare da fulogai ba har fitilar mai ta mutu, alamar mai ya zagaya. Nan ne za ka gwada matsin silinda. Abin dubawa shi ne kusancin alƙaluman da juna: bambancin da ya wuce kashi 10 cikin 100 abin bincike ne. Silindar da ta yi ƙasa, zuba mata cokalin mai ka sake gwadawa. In ta tashi, zobban fiston ne suka cinye. In ba ta motsa ba, bawul ne ko gasket. Injin dizal matsinsa ya ninka na fetur, na'urar gwajinsa daban ce.

Hattara: injin da taiminsa na bel ne, kamar 200Tdi da 300Tdi na Land Rover ko 1HZ na Toyota, ka canza bel ɗin kafin ka tayar. In ya tsinke inji na gudu, fiston zai haɗu da bawul. Sannan ba a laluben yoyon bututun nozul na dizal da hannu, ƙarfin feshin yana huda fata. Kuma a buɗe ƙofar gareji, hayaƙin salansa yana kisa a rufaffen wuri.

In ya tashi, bar shi ya yi zafi, ka saurara, ka rubuta abin da ka gani, ka kashe. Kada ka hau titi. Ba ka da birki tukuna.

6. Shasi da tsatsa

Nan ne aikin yake, kuma nan ne mutane ke karaya, domin wata uku za su wuce motar ba ta canza kama ba.

Fara da yanke shawara: za a ɗaga bodi ko a'a? In ruɓar ta tsaya a hannuwan gefe da ƙarfen baya, ana iya yankewa a sa sababbi bodi na zaune. In ta kama manyan dogayen ƙarafan biyu, musamman samansu inda bodi ya rufe, sai an ɗaga. Shasin da faci ya yi masa yawa, sauya shi ya fi rufin asiri. Ga Land Rover ana ƙera sabo fil mai rufin zinki, sai dai ka fara bincika dokar ƙasarka kan canjin shasi da lambarsa.

Yadda ake bi: gurza har sai farin ƙarfe ya fito. Zana layi a inda ƙarfen ya koma kaurinsa na asali, ka yanke daga nan, ko da ramin zai ninka yadda ka zata. Yanko faci mai kauri ɗaya da na wurin, a shigar da shi daidai bakin ramin, a yi walda kewaye gaba ɗaya. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗora faci a kan ruɓa. Ruwa zai kwanta tsakaninsu, bayan shekara biyu sai a tarar an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Kafin a yanke wani babban ƙarfe, auna shasin kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangarorin biyu, ka rubuta, a kuma ɗaure shi da ƙarfen wucin gadi don kada ya karkace.

In ba ka iya walda ba, kada ka koya a kan shasi, balle wurin da sifirin ko akwatin sitiyari ke kamawa. Kai ka yi gurza da yanka da share wuri, waɗanda su ke cin lokaci, sannan ka kira ƙwararre ya yi waldar a wuni ɗaya. Kuɗin ya ragu, aikin kuma ya yi ƙarko.

Hattara: kafin walda a cire batir, a sauke tanki, a janye bututun mai da wayoyi da duk abin da ke bayan ƙarfen. Tankin da babu mai a ciki ya fi cikakke haɗari, tururin ne ke fashewa. Ƙarfe mai rufin zinki hayaƙinsa yana sa zazzaɓi, a goge rufin a kuma yi aikin a iska. Kada a wanke wurin walda da maganin wanke birki mai sinadarin kulorin, zafi yana mayar da shi iska mai guba. Bayan an gama, ka zauna rabin awa kana dubawa, wuta takan ci a ɓoye.

Da an gama: maganin kashe tsatsa a inda burushi bai kai ba, fentin share fage na ifoksi, fentin shasi, sannan a fesa kakin hana tsatsa a cikin ramin shasin, don daga ciki yake fara ruɓewa. Ka tabbata ramukan tsiyayar ruwa a buɗe suke.

7. Birki

Mota ta iya tsayawa kafin ta iya gudu. A nan ba na gyara tsoho, sauyawa nake yi: masta (wadda ke tura man birki in an taka feda), silindojin tayu, tiyon roba, takalman birki, da duk bututun ƙarfen da ya nuna tsatsa. Bututun haɗin jan ƙarfe da nikel ya fi daɗin lanƙwasawa kuma ba ya tsatsa, sai dai a yi masa baki mai ninki biyu irin wanda motar ta zo da shi. Ba a haɗa bututun birki da mahaɗin famfon ruwa.

Kwance gefe ɗaya ka bar ɗayan a haɗe ya zama abin koyi, don sifirin gangar birki suna da ruɗarwa. Wajen fitar da iska, yawanci daga tayar da ta fi nisa da masta ake farawa, a matso zuwa ta kusa, wani na taka feda kai kana buɗewa da rufewa, ba a barin kofin mai ya ƙafe. Feda mai laushi kamar soso iska ce. Wadda ke nutsewa a hankali in ka danne ta, yoyo ne ko masta.

Hattara: tsofaffin takalman birki da faifan kuloci na iya ƙunsar asbestos. Ba a hure ƙurarsu da iska, a jiƙa a goge. Man birki DOT 3 da DOT 4 yana tsotsar danshi, don haka a buɗe sabuwar kwalba, a kuma canza shi duk shekara biyu. DOT 5 na silikon ne, ba ya haɗuwa da su. Man birki yana cin fenti, wani dalilin ke nan da fenti ke zuwa a ƙarshe.

8. Sitiyari, sifirin, aksul da tayu

Sa wani ya riƙa kaɗa sitiyari hagu da dama kana ƙasa kana kallon kowace gaɓa. Wadda ta yi motsi kafin ta motsa ta gaba da ita, ta tafi. Ɗaga taya ka kama sama da ƙasa ka girgiza, in da wasa, boris ne ko gaɓar da tayar ke juyawa a kai. A aksul ɗin gaba, mai ko giris da ya jiƙe bayan taya yana nufin sil ya mutu, kuma a Land Rover ka duba ƙwallon ƙarfe mai sheƙi da ke bayan tayar gaba, in ya yi ramuka zai ci gaba da yaga sabon sil.

Bushin, wato robobin da ke gaɓoɓin sifirin, duka a canza. Notin da ke riƙe da su kuwa kada a ɗaure shi tamau sai mota ta sauka ta zauna a kan tayunta. In ka ɗaure tana rataye, robar za ta murɗe ta yage cikin 'yan watanni. Wannan kuskuren na yi shi, na sayi bushin sau biyu. Ƙarafan da ke ɗaure sifirin da aksul a sa sababbi.

Taya tana tsufa ko zanenta bai cinye ba. A gefenta, bayan haruffan DOT, alƙaluma huɗun ƙarshe mako ne da shekara: 2315 na nufin mako na 23 a 2015. In alƙaluma uku ne, kafin shekarar 2000 aka yi ta. Wadda ta kai shekara 10 ta gama aiki. Duka huɗun su zama girma ɗaya. Ka kuma danne zuciyarka kan manyan tayu da ɗaga mota sama, suna ƙara wa birki da aksul nauyi, suna sa mota saurin kifewa.

9. Giya da mayukan ƙasa

Giya, ƙaramin giyan da ke raba ƙarfi gaba da baya, da tulun aksul biyu, kowanne da mansa. Kullum ka fara kwance notin zubawa kafin na juyewa. In ka juye mai sannan na sama ya ƙi buɗuwa, ka shiga uku. Duba abin da ya manne a notin ƙasa: laushin gari ba komai, gutsattsarin ƙarfe kuwa magana ce. Bi littafi kan irin man, domin wasu tsofaffin giya masu zoben tagulla GL-4 suke so, wani man GL-5 yana cin tagullar. Bi gaɓoɓin furofela da giris, ka busa ƙananan bututun numfashin aksul, toshewarsu ke tura mai ta sil.

10. Komawa kan inji

Yanzu ka ɗauko abin da ka rubuta a mataki na 5. In matsi ya yi kyau, ba ya hayaƙi mai shuɗi, ba ya ƙwanƙwasa, kada ka buɗe shi don sha'awa. Canza duk tiyon ruwa da na mai, fanbel, tamostat da murfin lagireto, a wanke lagireton, a duba famfon ruwa. Tiyon fetur ya zama mai jure etanol, don fetur ɗin zamani a ƙasashe da dama yana ɗauke da shi, yana kuma cinye tsohuwar roba. Wanke kafireto, saita bawul, saita taimin. In dole sai an buɗe, kai wa masu injin gyaran silinda su auna, kai ka haɗa. Notin kan silinda daga tsakiya ake ɗaurewa zuwa waje, zagaye-zagaye, da ƙarfin da littafi ya faɗa. In har an sauke inji, canza kuloci gaba ɗaya, kada ka sake sauke shi saboda boris ɗaya.

11. Wayarin

Yawancin aljanun da ake cewa sun shiga wutar tsohuwar mota, tsatsa ce a inda waya ke kama jikin mota. Kwance kowace, goge har ta yi haske, mayar. Cire duk wayar da masu motar na baya suka ƙulla da salatif. In rigar wayoyin tana farfashewa a hannu, sayi sabon saiti gaba ɗaya, ya fi bin su ɗaiɗai sauƙi. Cikakken batir yana nuna wajen volt 12.6 a kashe, da 13.8 zuwa 14.4 inji na aiki.

Hattara: tabbatar da tsarin motarka kafin ka haɗa batir. Land Rover na kafin 1967 kan batir mai alamar tarawa ne ke haɗe da jikin mota, wasu Land Cruiser na dizal da motocin soja kuma volt 24 ne. Kan da ke haɗe da jikin mota shi ake fara cirewa, shi ake mayarwa a ƙarshe. Fis ɗin da ke yawan ƙonewa ba a maye shi da babba, balle da waya.

12. Bodi da fenti

Kowa nan yake son farawa, amma sai yanzu. Gwada ƙofofi da bonet su zauna daidai kafin fenti. Foti na shafe ƙananan lotsawa ne, ba na toshe rami ba. Alminiyam yana son fentin share fage irin nasa mai kama jiki, kuma duk inda ya haɗu da ƙarfe a raba su da roba ko man shafawa, in ba haka ba farin gari zai fito ya huda shi. Tsohon fenti na iya ƙunsar dalma, a toshe hanci wajen gurza. Fenti mai haɗin sinadari biyu kuwa tururinsa na lalata huhu, a bar wa masu ɗakin feshi. Motar da za ta shiga ƙaya da duwatsu, ni dai ban ga dalilin fentin da zai sa ka ji tsoron reshe ba.

13. Fitar farko

Takardu, inshora da duk binciken da doka ta tanada su riga fita. Gwada birki a fili, a hankali, ka ga ko tana ja gefe. Fitar farko kilomita 5 ta isa, da kayan aiki da tukunyar kashe gobara a mota. Dawo ka taɓa kusa da kowace taya, wadda ta fi sauran zafi birki na kamawa ko boris ya matse. Shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta ta kwana, da safe ɗigon zai nuna maka inda yoyo yake. Bayan kilomita 80 zuwa 100 sake bin notin tayu da na sifirin da sifana mai auna ɗauri.

Hattara: motar da sai an sa mata giyar tayu huɗu da hannu, ba a sa giyar a kan busasshiyar kwalta. Gaba da baya za su yi ta ja-in-ja har wani abu ya karye. A gwada a kan ƙasa ko yashi, kuma shiga daji na farko a tafi da wata motar.

In kun ratsa ruwa ko taɓo, kada ka bar wankin ya kai mako. Zura tiyo cikin shasi har ruwan ya fito fari, sake bin furofela da giris, sannan ka kwance notin zuba mai na kowane aksul ka tsoma yatsa. In man ya fito ruwan madara, juye shi a daren, ka ƙara wa bututun numfashin tsawo ya hau can saman ɗakin inji kafin fita ta gaba.